Ƙyauren Ɗakin Iya

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ke ganin abin da ke bayan kowace ƙofa.

Ku da kuke turo mini saƙo kuna cewa in gode wa Allah na samu saurayi mai ganin girman tsofaffi, na ji. Wata har cewa ta yi in ba na so in tura mata lambarsa. Ki yi haƙuri 'yar'uwa, ki karanta wannan tukuna.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Raihanatu. A Jega anka haife ni, cikin ɗakin kakata Iya Tasalla, wadda ta haifi uwata. Uwata Kubura ba ta yi arba'in da haihuwata ba Allah ya karɓi abinsa, Iya ta goya ni. Yanzu idon Iya ya tafi, hannunta ne idonta. Gida yana hannun Kawu Haliru, ƙanen uwata. Saurayin kuwa Mas'ud ne, wannan da kuke gani a waya yana zagaya gidaje da kyamara, yau tsohon soro, gobe falon mai hali, yana cewa tarihi yake ceto. An yi mana baiko, an sa rana bayan babbar Sallah.

Ɗakin Iya ne ya kawo shi gidanmu, ba ni ba. Wannan sai yanzu na gane. Shigifa ce ta ƙasa, rufin azara, an ɗaure ta da baka biyu na gini masu lanƙwasa da sunka haɗu a tsakiya, a mahaɗar an liƙa tasoshin jan ƙarfe tun ginin farko. Bangon duk zane ne na hannu, kuma da shi Iya ke gane hanya: in yatsanta ya taɓa wannan murɗin ta san randa na kusa, in ya taɓa wancan ta san ta zo bakin gado. Da zafi ɗakin sanyi, da sanyi ɗumi. Ranar da Mas'ud ya fara shiga ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ya ɗaga kai sama ya daɗe bai sauke ba. Ni wawuya na ɗauka kunyata yake ji.

Akwai ƙyauren ɗakin, na icen ƙirya, mai manyan ƙusoshin maƙera. Can ƙasansa akwai baƙin tabo na ƙuna, faɗin tafin hannu. Lokacin da uwata take jego ta tashi da kanta ta jawo kaskon wuta, jiri ya ɗebe ta ta faɗi a nan, garwashi ya zube ya ci icen. Daga wannan faɗuwa ba ta sake tashi ba. Uwata 'yar fari ce, kun kuwa san hali. Iya ba ta taɓa kiran sunanta ba, tana raye ko bayan ranta. Ba ta yi kuka gaban mutane ba, ba ta taɓa ba ni labarinta ba. Amma kullum safiya in za ta fito sai ta duƙa bayan ƙyaure kamar mai neman takalmi, ta shafa tabon, ta miƙe. Duk gidan mun sani. Babu mai faɗi.

Ina makaranta anka cire ƙyauren. Na dawo na tarar da ƙofar ƙarfe mai shuɗin fenti, da sakata kaurin damtse. Kawu sai murmushi yake, wai kyautar suruki ce, ya duba ya ga gara ta cinye tsohon, an kai shi juji. Iya kuwa har yau tana duƙawa da safe, ta lalubi ƙarfe mai sanyi, ta miƙe. Matan gida su ce tsufa ne, tana neman takalmin da ke ƙafarta.

Daga ƙofa sai magana ta koma kan ɗakin gaba ɗaya. Mas'ud ya ce kafin baƙin biki su zo zai rushe shi ya yi wa Iya na bulo da kwano, da tayil da fanka. Unguwa ta ɗauka. Duk wadda ta shigo ɗaukar wuta sai ta ce mini, "Ke dai kin dace."

Shekaranjiya da yamma saƙonsa ya shigo.

"Gimbiya, gobe ki shirya. Zan yi ɗauka a Maiyama, daga nan mu biya Aliero ki ga falon wata Hajiya, ki zaɓi irin jeren da kike so a gidanmu."

Na rubuta, "Sai Kawu ya yarda."

"Na riga na gama da Kawu. Inna Luba za ta raka ki."

Haka yake. Kafin ki buɗe baki ya gama da kowa.

Inna Luba ƙanwar uwata ce, autar Iya. Ta fito da leshinta na zuwa suna, ta kafa ɗauri kamar ita za a kai. Ni na sa atamfa ruwan ganye da farin mayafi. Shi kuwa shadda ruwan toka ta sha sitaci, hula ta zauna a goshi, turarensa ya riga shi shiga zaure.

A Maiyama wani tsoho munka samu, Malam Tamu, a zauren da ya gada tun kakanni. Gini ne na gaske, katanga mai kauri har mutum ya kwanta a kai, zankwaye a sama, daɓen ƙasa ya yi santsi saboda zaman mutane. Mas'ud ya cire takalmi tun daga nesa, ya miƙa goro da hannu biyu. Ya kunna kyamara ya sassauta murya. "'Yan'uwa, ku dubi aikin iyayenmu. Wannan in ya faɗi, wa zai sake gina mana?" Inna Luba har da share ido.

Da ya kashe kyamara sai ya nufi ƙofar zauren. Ya ƙwanƙwasa icen da bayan yatsa, ya kara kunne, ya auna faɗinsa da taƙi. Sannan ya girgiza kai.

"Baba, wannan ƙyaure gara ta fara shiga."

"Gara?" in ji tsohon. "Ban gani ba."

"Ta ciki take ci. Ka bari in kawo maka na ƙarfe, sadaka, ka huta da ɓarayi."

"To ɗana, kai ka gani. Allah shi yi albarka."

Ina tsaye ina saurare. Ba wani abu na sani ba tukuna, amma ice mai gara in an buga shi amon ganga yake yi, wannan kuwa amon dutse ya yi.

Aliero tun daga bakin gari warin albasa ke tarbar mutum, buhuna jibge a gefen hanya. Gidan da munka je na wani Alhaji ne, babban dillalinta. Da anka buɗe get sai ka rantse ba garin kake ba. Mas'ud ya tsaya wajen maza, mu anka shiga da mu ciki, inda namiji baƙo ba ya takawa.

Hajiya Fadila ta tarbe mu da fara'a, doguwar riga baƙa mai duwatsu, awarwaro har gwiwar hannu. Mace ce mai kirki, ba zan ɗauki alhakinta ba. Ta shiga nuna mana. Falon farko kujeru ruwan zinare, labule daga sama har ƙasa ninki uku, fitila mai reto kamar inabi, silin an ɓoye wuta shuɗiya a cikinsa. Tayil yana ɗaukar ido, Inna Luba tana takawa da kan yatsu kamar mai tsallake ruwa. Sanyin esi ya sa na ja mayafi. Ɗakin kwana gado ya kai faɗin rumfar kasuwa, kicin kuwa ko ɗigon hayaƙi babu, na rasa inda suke tuwo.

"Raihana, ki buɗe ido da kyau," in ji Inna Luba. "Irin wanga zama za ki yi."

Hajiya ta yi dariya. "Ai ba ku ga komai ba. Ku zo ku ga falon gargajiya, shi ake yayi yanzu. Angonki ne ma ya haɗa mini."

Wani ɗaki ne can ciki. An jera faya-fayai a bango, da ƙore masu zane. Ga tulu da bai taɓa ganin ruwa ba, an cusa masa furen roba. Ga turmi an kifa an ɗora masa matashi ya zama kujera. A tsakiya wani dogon teburi mai gilashi a sama. Nan anka aje mana lemo da cincin.

Na ɗauki kofi. Inda kofin ya tashi, a ƙarƙashin gilashi, sai ga kan ƙusar maƙera. Na bi layin ƙusoshin da ido har ƙarshen teburin. An goge icen, an shafa masa mai yana ƙyalli, an yi masa ƙafafu na ƙarfe. Amma tabon yana nan, baƙi, faɗin tafin hannu.

Ban san na aje kofin ba.

"Kin ga abin da kowa ke tsayawa kallo," in ji Hajiya. "Ƙofar wani sarkin yaƙi ce ta zamanin da. Wannan baƙin, wutar abokan gaba ce da sunka zo ƙone gidan. Don gidan Alhaji na Abuja anka kawo shi, ni kuwa da na gani na ce ba inda za shi. Ko Mas'ud bai san na riƙe ba."

Na juya na dubi Inna Luba. Ta gane. Ita ce fa ta share garwashin ranar, tana yarinya. Fuskarta ta yi fari, amma hannunta ya riga ya kai cinyata, ta murɗe ni ta ƙarƙashin mayafi.

"Masha Allah," ta ce. "Ya yi kyau, Hajiya."

Hajiya ta nuna sama, inda anka bar wani fili a silin ba fenti. "Nan kuma azara za a jera, da wasu tasoshin jan ƙarfe da ya yi mini alkawari. Wani tsohon ɗaki ne za a rushe a Jega. Mai shi ta rasu, magada ba su san darajarsa ba."

"Ta rasu?" na ce.

"Haka ya ce, Allah ya jiƙanta. Ki ci cincin mana, amarya."

Jama'a, da safen nan na dama wa mamaciyar kunu, ta sha, ta ce gishirin ƙosai ya yi yawa.

A mota na bari sai da munka fita gari.

"Yaya, Gimbiya? Wane falo ya yi miki?"

"Na gargajiya. Teburin ya fi burge ni."

Ya dube ni ta madubi. Ya rage rediyo.

"Wane teburi?"

"Wanda gara ta cinye anka kai juji."

Ya sha gaban wata motar albasa. Sannan ya yi 'yar dariya, irin ta wanda ya taka ruwa da sabon takalmi.

"Katako ne fa, Raihana. A gidanku wa ke kallonsa? Can kuwa manyan mutane ke zama gabansa. Ni ceto shi na yi."

"Da sarkin yaƙi?"

"Mutane ba sa sayen ice, labari suke saye."

"Ka ce mata Iya ta mutu."

"Maganar kasuwa ce. In na ce da mutum a ciki, sai ta fara jin tausayi."

Inna Luba ta gyara ɗauri. "Ke Raihana, ya isa. Ɗiyar da anka sa ma rana ba ta tuhumar namiji cikin mota."

"Inna, ke ma kin gani."

"Ban ga komi ba. Teburi nig gani."

Haka munka iso Jega.

Kawu na samu a zaure yana gyaran fitilar babur. Na durƙusa na faɗa masa duka, ban rage ba. Ya saurara bai ɗago ba.

"Kin ƙare?"

"Na ƙare, Kawu."

"To ji nan. Wa ka yaɓen ɗakin ga duk shekara? Ni. Bara da bango ya tsage da damina wa ya kwana tsaye da bokiti? Ni. Yau Allah ya kawo mai gina ma tsohuwa ɗakin da ba ya zuba, ke ki taho mani da zancen ice."

"Ƙarya ya yi muna, Kawu."

"Ni na tambayi Iya gaban kowa kafin a cire. Nic ce, Iya, akwai wani abu ga ƙyauren ga? Tac ce babu komi."

"Ka san ba ta iya faɗi."

Nan ya ɗago. Ya sani. Na gani a idonsa, ya kuma san na gani.

"Ni na hana ta?" ya ce. "An sa rana, an gaya ma dangi har Kimba da Andarai. Ba ki kunyata ni don katako. Tashi ki ba ni wuri."

Na sami Iya bayan la'asar tana zaune bakin gado da carbi. Kafin in yi sallama ta ɗaga hanci.

"Ƙamshin gidan mutane nika ji. Ina kunka tai?"

Na zauna a ƙasa na jingina da ƙafarta. Na so in ɓoye, amma wadda ta goya ka ba a yi mata wannan. Na faɗa mata. Mutuwar da anka yi mata kaɗai na riƙe.

Ta daɗe tana jan carbi.

"Sun kankare wurin?"

"A'a, Iya. Yana nan. Sun sa gilashi sama, lemo suke azawa."

"To. Ba su taka shi dai."

"Cewa anka yi gara ta ci."

"Gara ba ta cin ƙirya, ɗiyar nan. Tun ranar na sani."

"Mi ya hana ki faɗi?"

"In ce mi? In ce saboda wa?"

Ta laluba ta kama kunnena ta ɗan ja, yadda take mini ina ƙarama in na cika tambaya.

Wayata ta yi ƙara. Shi ne.

"Gobe da safe magina za su zo, mun gama magana da Kawu. A kwashe wa Iya kayanta. Kar ki bari abin da bai kai ya kawo ba ya ɓata mana abin da muka gina. Ina sonki." Ya jera jajayen zukata a ƙasa.

Na kife wayar.

Yau da gari ya waye na cika randar Iya, na shigo da fura da buta da tabarmata. Ina jin ƙarar diga da shebur ana saukewa a ƙofar gida na tura ƙofar ƙarfe na zura sakata. Tsohon ƙyauren ba shi da sakata, da dutse Iya ke tokare shi, ko akuya ta matsa sai ya buɗe. Wannan kuwa kyautar suruki ce.

Kawu ya buga. "Raihanatu, buɗe."

"Ka yi mini gafara, Kawu."

"Ni kika gaya ma haka?"

"Ban raina ka ba. Ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama in na fito. Amma ba yau ba."

Sai muryar Mas'ud, mai taushi, irin ta bidiyo. "Gimbiya, mutane na kallo. Buɗe mu yi magana."

"Ƙofarka ce. Kai ka ce ko da diga ba a ɓalle ta."

Wani cikin maginan ya yi dariya, anka yi masa tsawa.

"Me kike so?"

"Ka maido ƙyauren inda ka same shi. Ka gaya ma Hajiya mai ɗakin tana raye."

"Ba a maido abin da anka riga anka bayar."

"To ni ma ba a riga an ba ka ni ba."

Inna Luba ta sa salati, matan gida sunka ɗauka. Ana cikin haka na ji motsi a bayana. Iya ta miƙe. Ta bi bango da yatsa, murɗin randa, murɗin bakin ƙofa, har ta iso inda nake. Ta duƙa yadda ta saba, ta aza tafin hannunta can ƙasa a kan ƙarfen. Wannan karon ba ta miƙe ba.

"Haliru."

"Na'am, Iya."

"Ka tambaye ni ran nan ko akwai wani abu."

Ta ƙara danna tafinta a kan ƙarfen.

"Nan Kubura ta faɗi."

Tunda nake ban taɓa jin sunan uwata a bakin nan ba. Ya fito mata a karye, kamar kalmar baƙon harshe. Daga tsakar gida na ji kukan Inna Luba, wadda jiya teburi kawai ta gani.

Na ɗauka shi ke nan. Sai na ji Mas'ud yana magana ƙasa-ƙasa da maginan, amma ɗakin ƙasa yana kawo magana. "Ku kawo tsani, ta sama za a fara. A hankali da tasoshin, kar su lotse."

Anka jingina tsani a bango, ƙasa ta ɗan zubo daga azara ta sauka kan kallabin Iya. Na kakkaɓe mata.

Daga cikin ɗakin nake rubuta muku wannan. Rana ta take, Iya ta sha fura ta kwanta, fuskarta na kallon ƙofa. Ta 'yar tagar da ke sama ina hango tsanin. Babu wanda ya hau, domin Kawu yana zaune a kan matakin ƙasa, hularsa a hannu. Bai ce a hau ba, bai ce a ɗauke ba. Mas'ud yana tsaye a kansa yana ta magana, tsakanin magana da magana kuma saƙonsa na shigo mini. Na ƙarshe cewa ya yi in zaɓa, ko shi ko ɗakin laka.

Ya manta da hannuna na zura sakatar, na riga na zaɓa.

Ke mai neman lamba, ga ta nan a hannuna. Ki fara gaya mini, akwai tsohuwa a gidanku?